Albasar da Ba Ta Je Gona Ba

A makarantar sakandare a Wurno malama ta taɓa tambayarmu mece ce jayayya. Ni na riga kowa ɗaga hannu, don ba na iya jira. Na ce mutum biyu ne kowa ya ce shi ke da gaskiya, a ƙarshe ɗaya ya ci. Ta ce na iya. Da zan gan ta yau, da na ce mata ta ƙwace makin.

Babana yana da taubashi, ɗan ƙanwar kakana, muna ce masa Baffa. Gonakinsu na albasa suna manne a fadama wajen Taloka, layin ciyawar jema ne iyakarsu. Kowace shekara gasa suke yi, wa zai fi manyan albasa. Baba kan ɗaga ta Baffa ya ce, "Wagga albasa ta ko tahwarnuwa?" Baffa ya ce, "Bawana, yi shiru, kai da gonakka duk nau na." A yi dariya a sha fura. Wani lokacin ma ɗaya kan cire turken iyakar ɗaya ya matsar, a gano, a yi ta zagin wasa.

Sai ruwan Rima ya yi ambaliya. Da ya janye, babu jema, babu iyaka, sai laka shimfiɗe. Ɗakunan Baffa sun rushe, iyalinsa na rakuɓe gidan maƙwabta. Mu namu sun tsaya.

Baba ya je ya kafa turke, ya shiga cikin gonar Baffa da gangan, faɗin fangalin shuka guda. Ya dawo yana dariya shi kaɗai.

Na ce, "Baba, mutumin ga ba ya da inda zai kwana. Wane wasa kuma?"

"Ke mi kis sani? Taubashina na. Gobe shina zuwa shi zage ni, in cire."

Baffa bai zo ba. Sammaci ne ya zo.

Baba ya je kotu ya ce wasa ne. Baffa ya ce, "Wasa? Ɗakina na ƙasa kana wasa da abincin ɗiyana?" Daga nan Baba ma ya hau. Ya ce to ai ma nan iyakar take tun asali. Ƙarya ce, kuma ya sani. Mai gari ya kira su, suka ƙi zama tabarma ɗaya. Alƙali ya ce kada wanda ya sa fartanya a gonakin biyu sai an tsai da iyaka, tunda ba mai iya nuna inda jema take.

Mun riga mun yafa iri a bayan gida. Ni ke ba shi ruwa safe da yamma. Irin albasa ba ya jira. In ya isa dashe, a dasa shi ko a yi asararsa. A noman nan muke ci har damina ta zagayo. Aka ɗage zama, shaida ba shi da lafiya. Aka sake ɗagewa. Irin ya yi tsawo, ya cunkushe, bakin ganyen ya soma rawaya. Kowa a fadama ya gama dashe.

Na ce wa Baba ya je ya cire turken nan ya ba da haƙuri. Ya ce ba ɗiya mace ka koya mishi magana ba. Na ce to albasa ta koya masa. Inna ta rufe mini baki da hannunta.

Ranar da na daina ɗiban ruwa ba wanda ya tambaye ni dalili. Inna ta yanke lawashin ta shanya, muka yi ta miya da shi. Baba ma ya ci.

Har yanzu suna zuwa kotu. Mota ɗaya suke shiga, ɗaya gaba ɗaya baya. Na bi ta gonar kwanan baya. Shanu na kiwo a cikinta, ta Baba da ta Baffa duka, turken kuma gara ta cinye shi.