Safiyar da Man Dizal Ya Daskare

Shekara bakwai na yi a Alƙahira ina karatu, abin da na tara kuwa bai wuce littattafai ba, kwali goma sha ɗaya. Mu ɗalibai mun haɗa kwantena a Iskandariya da za ta kai kayanmu gida, a ranar da nake ba da labarinta kuma da la'asar za a rufe ta. In kayana ba su isa ba, sai dai in koma gida hannu rabbana, don bizata ta kusa ƙarewa.

Direban da na samu wani dattijo ne, Bahaushen Sudan, mazaunin unguwar Ainu Shams, mai wata tsohuwar motar kaya. Bayan sallar asuba muka yi lodi. A makon ne aka yi sanyin da har ƙanƙara ta zuba a bayan gari. Ya murɗa makulli, mota ta yi tari sau biyu, ta yi shiru.

Ya shiga ƙarƙashinta, ya kwanto filtar mai ya nuna mini. Dizal ɗin ya yi fari ya yi kauri, kamar man shanu da sanyin safiya. Ban taɓa sanin man mota na daskarewa ba.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na ce, "Baba, mu hura wuta a ƙarƙashin tankin mana! Lokaci na tafiya!"

Ya kalle ni yana murmushi. "Ma'alish, yi haƙuri, ya shehi. Littattafan kake so su isa, ko tokarsu?"

Ya tafi wajen mai dafa wake na bakin titi ya aro butar tafasasshen ruwa. Ya warware rawaninsa a cikin wannan sanyi, ya jiƙa shi, ya naɗe filtar da bututun mai. Da ya huce sai ya sake jiƙawa, ya matse da hannu, ya sake naɗewa. Ya zuba kananzir kaɗan a tanki, ya sa baki ya zuƙi bututun, ya tofar. Ni ina tsaye ina duba agogo ina tsaki, shi ko sau ɗaya bai ɗaga mini murya ba. In na tuna wannan tsakin, har yau kunya nake ji.

Hantsi ya ɗaga sannan mota ta kama, ta tofo baƙin hayaƙi. Ya ce, "Yalla, hau."

Mun isa ana shirin jan ƙofar kwantenar. Da aka gama sauke kaya na miƙa masa hannu, sai ya ba ni tsintsiyar hannunsa. Na kamo tafin na juya. Duk yatsun sun yi bororo saboda ruwan zafi, da su kuma ya riƙe sitiyari tun daga Alƙahira.

Ya janye hannunsa ya ce, "Halas, ya wuce, ɗana. Je ka karantar da su."