Ba Malam Garba Ne Ya Karya Hannun Lawali Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shan koko aka kira ni daga Zurmi: Malam Garba Mai Usur ya rasu.

Kofin yana nan inda na ajiye shi.

Mun yi aiki tare a wata firamare ta wajen Katuru. Ni ne hedimasta, da takarduna da Turancina. Shi malamin motsa jiki ne, abin da ya mallaka usur da tsohuwar katifa da yara ke dira a kai.

Kafin ya koya wa yaro tsalle ko alkafura, sai ya tsayar da shi, ya zagaya bayansa, ya ɗan tura shi ba zato. Ƙafar da ta fara fita don tare faɗuwa, ita ce tasa. Sai ka ji ya ce, "Kai ɗan hagu ne, koma can." Haka yake raba su gida biyu, kowa ya yi tsalle ta ɓangarensa.

Abin bai yi mini ba. Na ce masa 'ya'yan Musulmi da dama suke fara komai.

Ya yi dariya ya ce, "Ranka shi daɗe, masallaci da dama aka shiga, na sani. Amma filin ga ba masallaci ba ne."

Wata shekara aka ce sufetoci za su zo daga ofishin ilimi nan da kwana uku. Na so su ga yara ashirin sun jeru sun juya gefe guda kamar sojoji. Na kira shi ofis na ba da umarni: kowa dama. Ya ce akwai Lawali, wanda ya fi kowa iyawa, kuma ɗan hagu ne, kwana uku ba su isa a juya shi ba. Na tambaye shi wane ne hedimasta tsakanina da shi.

Ya fita ya gaya wa yara, "Yau kowa dama." Bai ce daga ina maganar ta fito ba.

A gaban baƙi Lawali ya taho a guje, jikinsa na son hagu, kansa na tuna umarni. Ya dafa ƙasa a karkace. Har yau ina jin ƙarar ƙashin nan.

A rahoto na rubuta cewa sakacin malamin wasanni ne. Na rubuta shi da Turanci mai kyau, irin wanda aka yaba mini a kwaleji. Aka mayar da Malam Garba makarantar Gurbin Bore. Mahaifin Lawali ya tare shi a kasuwa ya zage shi a gaban mutane, amma Malam Garba bai ambaci sunana ba.

Ni kuma aka ƙara mini girma. Haka aikin namu yake, kada kowa ya ruɗe ku.

Da matata ta rasu, waɗanda na yi wa hidima a ofis ko waya ba su buga ba. Malam Garba ya biyo hanyar nan da kowa ke tsoro saboda 'yan bindiga, ya kwana uku a zaurena yana karɓar gaisuwa kamar ƙanena. Duk kaka sai ya aiko mini da gero, ya ce na fura ne.

Ganinmu na ƙarshe a tashar Ƙaura ne, bayan ƙaramar salla. Gwiwata ta dama ta lalace, ina ta kokawa da ƙofar mota. Sai na ji an kama ni ta baya.

"Hedimasta, hau da wadda ka iya ɗaukar ka. Babu sufeto a nan."

Muka yi dariya. Na ce, "Malam, maganar Lawali fa..."

Ya ce, "Mi za ka tono? Yaro ya girma, ɗiyanshi huɗu. Shiga, direba na jira."

Na shiga. Na ji daɗi da ya hana ni, wannan ita ce gaskiya.

Lawali yanzu yana jan mota tsakanin Ƙaura da Shinkafi, hannun damansa bai miƙe daidai ba. An gaya mini ko a hanya ya ga Malam Garba, kau da kai yake yi.

Lawali, ko ka gani ko a karanta maka: ni na ba da umarnin. Malaminka ya roƙe ni a bar ka da hagunka, na ƙi. Fushin da ka riƙe shekara da shekaru nawa ne, ka kawo mini shi, ina gida. Amma ka je gaisuwar mutumin nan.

Allah Ya gafarta wa Malam Garba, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba shi littafinsa a hannun dama, Ya ba iyalansa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. In ta rage, ku sa ni ciki.