Hular Agogon Kawu Abakar

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Abakar ya san ba fasinja yake fara gaisarwa ba. Agogo yake fara dubawa, wani ɗan ƙarami kusa da sitiyari, mai nuna yadda iska da fetur ke gauraya a injin. Har hula ya sa matarsa, Inna Hawa, ta ɗinka wa agogon saboda rana. Sai ya ɗaga hular, ya leƙa allurar, sannan ya juyo ya tambaye ka mutan gida.

Mota mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, amma ba mu taɓa ganin gudunta ba! Da allura ta karkata dama, wato iska ta fi mai yawa, zai ɗage ƙafa daga totur. Wata ranar kasuwa a hanyar Sinja har mai jaki ya wuce mu yana dariya. Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Tahi abinka, ya zol, bawan Allah. Naka in ya ji ƙishirwa kuka zai yi, tawa ƙonewa za ta yi."

Ranar sunan jikarsu a Abu Hujar kuwa, ya ajiye Inna Hawa a gefen hanya da sabon zanenta, wai sai ya wanke matatar mai. Suka isa an suɗe tukwane. Tana ta faɗa, ya ce ta yi koyi da agogo, gaskiya yake faɗi kuma ba ya ɗaga murya.

Ya sha zaunar da ni yana nuna mini allurar nan. Ina gyaɗa kai, hankalina na kan waya. Duk da haka ni ya bar wa motar.

Kakar riɗi ta farko bayan rasuwarsa, na yi lodi ina sauri in riski kasuwar Dinder. Allura ta karkata dama. Na ji haushi, na ja hular na rufe ta, na take totur. Ban yi nisa ba injin ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi. Makanike ya nuna mini fistan na cikin injin ya huje. Matatar mai ce ta toshe, aikin da bai kai shan shayi ba.

Motar tana nan a ƙofar gida, ina jin kunyar kallonta. Inna Hawa ba ta yi mini faɗa ba, hular kawai ta ce in ba ta.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa. Ka yi gaskiya, Kawu, ka yafe mini.