Lallen da Ya Ɓoye Ciwon Ƙafata

Ina tsugune ina wanke tukunya na ji ƙafata ta dama ta ɗau zafi, kamar an ɗora mini garwashi a idon sawu. Na duba, ba komai sai ɗan yankan da ciyawar kacala ta yi mini kwana biyu kafin nan, da na ratsa ruwa zan kai wa Baba abinci gonar shinkafa. Yankan bai kai farce ba, amma zugin har cinya.

Inna ta taɓa wurin ta ce zafi ne ya sauko ƙafa. Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini har ƙwauri, yadda take mana tun muna yara. Da aka wanke ya kama sosai, har tana yaba shi.

Kashegari zazzaɓi ya rufe ni, ƙafar ta kumbura, ban iya taka ta. Yayana ya ɗauko a-daidaita-sahu muka nufi asibiti a cikin Haɗeja. Likita ya tambaye mu yaushe fatar ta fara sauya launi. Muka kalli juna. Babu wanda ya sani, lalle ya rufe komai. Ya danna kan ciwon, ban ji ba. Ya danna sama da lallen, na ƙwalla ƙara. Sai ya zana layi da biro inda jan kumburin ya tsaya. Kafin sakamakon jini ya fito, jan ya haye layin da yatsa biyu. Ina kallo.

Ya ce ƙwayar cuta ce mai cin nama ta ƙarƙashin fata, allura kaɗai ba ta tsayar da ita, sai an yanke duk inda ya mutu, yau ɗin nan. Aka miƙo wa Yaya takarda. Ya so ya kare ta da hannu, amma na riga na karanta. Har da yardar cire ƙafa idan ta kama.

“Yaya, kada ka sa hannu.”

“Ƙafa kike so ko rai?” Ya faɗa, ya sa hannu.

Sau uku aka shiga da ni tiyata. Duk farkawa, kafin in buɗe ido, sai in fara neman yatsuna. Ana ta ɗura mini magani ta jijiya. Warin wurin kuwa, har yau in na tuna ba na iya cin nama. Inna na gefen gado, ta ƙi haɗa ido da ni.

A rana ta tara, da hantsi, likitan ya kwance bandejin ya daɗe yana dubawa. Na riƙe ƙarfen gado.

“Kin ga jan naman nan? Mai rai ne. Ciwon ya tsaya. Saura mu ɗebo fata a cinya mu rufe, amma ƙafarki tana nan.”

Na ce ya sake faɗa. Ya sake.