Ludayin Mama Monica

Ranar da na fara ganin Mama Monica, sai da na ajiye wankin da nake yi na fito ƙofar gida. Mace ce doguwa, ta shigo Kubwa a ƙafa da la'asar, laka har gwiwa, da ƙaton masaki a kafaɗarta kamar yadda matan Gbagyi suke ɗaukar kaya. A cikin masakin kuwa kaza ce ja a kwance, ta miƙo wuya tana kallon gari kamar matar gwamna. Yara suna binta da ihu, ita kuma ba ta ko waiwaya ba, tafiya kawai take a hankali. Na ce a raina, yau kam mun yi baƙuwa!

Lokacin ana shirin taso da gwamnati daga Legas zuwa Abuja. Maigidana kafinta ne a wajen masu ginin sabon birni, shi ya sa muka zauna a Kubwa. Su Monica kuma an tashe su daga ƙauyensu na gindin duwatsun Maitama, aka ba su gidaje a bayan namu. Kayansu da mijinta Yamusa tun safe suka iso a tipa. Ita ce kaɗai ta ƙi hawa.

Da muka saba ta ba ni labarin, Yamusa yana gefe yana ta tsoma baki. A tsohuwar gonarsu ta doya akwai wani yanki a tsakiya da ba a taɓa nomewa ba, ba a kuma taɓa sa masa wuta ba. Gamba ce da 'yan bishiyoyi, nan zabin daji suke sheƙa tun zamanin kakar Yamusa. Su ne ma'aikatan gonar. Kullum da sassafe sai su bi tulin doya suna tsince gyare da fara da tsutsa, har Monica ba ta san wani abu wai shi maganin feshi ba. Da damina takan ɗebi 'yan ƙwai kaɗan, amma ba da hannu ba. Da dogon ludayi take kwasowa, domin a wajensu in zabuwa ta ji warin hannun mutum a sheƙarta, ta bar wurin ke nan har abada.

To, ranar tashi sai ga katafila ta shigo gonar tana ture itatuwa. Ƙarar ta kori zabin, suka yi kan dutse. Monica ta ruga ta tsaya a gaban motar da ludayi a hannu.

"Oga, tsaya small! Zabo na ya yi ƙwai a nan."

Direban ya leƙo, ya ga mace da ludayi ta tare masa hanya, dariya ta kama shi har ya kashe inji. Ta kutsa cikin gamba ta tarar da ƙwan da sauran ɗuminsu. Yamusa ya biyo ta yana faɗa, wai ta kwashe da hannu mana, tunda gobe wurin nan titi ne. Ta yi kamar ba da ita yake ba. Ɗaya bayan ɗaya ta ɗauke su da ludayi, ta jera a kan ƙaiƙayi a cikin masaki, sannan ta bar biyu a sheƙar, ko uwar za ta dawo ta duba. Ta kamo jar kazarta mai kwanci, wadda take kira Madam, ta ɗora a kai. Hawan tipa kuwa ta ce ba da ita ba, girgizar mota za ta mayar mata da su baragurbi.

Ni fa a nan na fara sonta, gaskiya.

Sai jira. Unguwa duka ta shiga maganar, har mata masu zuwa rijiya sai sun biyo ta ƙofarta sun tambayi lafiyar Madam. Yamusa kullum cewa yake da an soya ƙwan nan da tuni an wuce wurin. Monica ba ta kula shi, amma na san hankalinta ba a kwance yake ba. Gonar da aka ba su a gefen wani tudu, jar ƙasa ce tsirara, gyare ya yi mata yawa, kuma ko kukan zabo ɗaya ba a ji a yankin, mafarauta sun gama da su. In ƙwan nan suka lalace, zabin gidansu sun ƙare ke nan.

Wata safiya ina dama kunu na ji ana buga mana ƙyaure kamar za a ɓalle shi.

"Zulai! Zulai! Fito, Madam ya haihu!"

Ko ɗankwali ban tsaya ɗaurawa ba. Na tarar da tsakar gidan cike da mata, ga 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu zane a ka suna ta tsere a ƙarƙashin kazar. Guɗa ta tashi. Monica ta kama rawa tana kuka, ni ma na shiga. Yamusa mai son suya shi ne ya fi kowa washe baki, har da zuwa tono musu gara a kwano.

'Ya'yan zabin suka girma suna bin Madam zuwa gona. Monica ta ware wani yanki a tsakiyar sabuwar gonar, ta dasa gamba da ɗorawa, ta ce duk wanda ya sa wa wurin fartanya zai gamu da ita. Da rani samari suka zo da ashana za su ƙona daji don kamun gafiya, ta bi su da tsumagiya har bakin titi. Mutane suka yi ta dariya, wai ƙasa ta yi kaɗan amma ita tana noman ciyawa.

Sai kuma wata rana zabin suka tashi fir gaba ɗaya, suka haye tudu, suka bar Madam a ƙasa tana ta kiran 'ya'yan da ba sa amsawa. Jinin daji ya motsa. Na ji haushi ƙwarai, na ce bayan duk wahalar nan? Yamusa ya ce ai ya faɗa. Monica kuwa ranar ko tuwo ba ta tuƙa ba. Washegari dai ta ɗauki ruwa a kasko ta kai cikin gambar ta ajiye, haka kuma ta ci gaba da yi har rani ya fita.

Ruwa ya sauka, doya ta fara yaɗo. Ran nan na raka ta gona tsinkar ganye, muna isa ta damƙe mini hannu. Can a tsakanin tulin doya, zabi ne a jere suna kiwo, sun ma fi waɗanda suka tafi yawa. Ɗaya ta ɗaga kai ta dube mu, ta sulale cikin gamba. Monica ta lallaɓa ta leƙa, ta dawo tana tsalle kamar yarinya.

"Ya yi gida, Zulai! Ya yi ƙwai a wurina!"

Yau shekaru sun ja, Kubwa ta cika ta batse, Yamusa ya rasu, Madam ma tuni. Monica ta tsufa amma doyarta har yanzu ba ta san feshi ba, zabin kuma suna nan. Ludayin yana rataye a bayan ƙofarta, ba ta yarda a taɓa shi. Kwanan baya jikarta ta ɗauko za ta sha kunu, ta karɓe. Na ce haba Mama, tsohon ludayi kuma?

Ta nuna mini bayan gona da baki, inda masu awon fili suka kafa sababbin duwatsun iyaka, alamar wani tashin yana tafe. Sannan ta dafa kafaɗarta ta yi dariya.

"Bar shi nan. Kafaɗa na bai mutu ba, kuma ina da kaza mai kwanci."