Baba Na-Uku, Wanda Ya Koya Wa Jirginmu Fushi

Ƙarfe bakwai na safe Baba Na-Uku yake buɗe ɗan ɗakin da ke bayan gidansa, wanda da can na ajiye tarkace ne. Zai share, ya kaɗe tebur, ya goge tabarau da bakin rigarsa, sannan ya kunna kwamfuta ya zauna yana jiranta kamar mai jiran baƙo. Kafin ta gama tashi, Mama, matarsa, ta ajiye masa shayi can a kan taga, don ya hana a kawo kofi kusa da littattafansa. Manyan littattafai ne, bangonsu ya koɗe, duk na wani tsohon jirgin sama na fasinja mai inji uku da aka daina hawa tuntuni. Daga nan sai ya buɗe saƙonni. Da yatsa ɗaya yake rubutu, amma tambaya ba ta kwana biyu a wurinsa ba amsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan aiki, ba albashi, ba kuma wanda ya sa shi.

Ga wanda bai sani ba, akwai mutane da yawa da ke tuƙa jirgin sama a kwamfuta daga cikin ɗakinsu. Ni malamin makaranta ne, ina rubuta manhaja a ranakun hutu. Abokiyar aikina, wadda muke kira Mai Zane, ita take zana jikin jirgi da cikinsa. Mu biyu muka ƙudura gina wancan tsohon jirgi a kwamfuta, mu ba duniya kyauta. Jiragen wancan zamani mutum uku ke zama a gabansu: matuƙa biyu, sai injiniya a kujera ta uku, yana fuskantar bango guda na agoguna da makunnai. Mai, wuta, iskar da fasinja ke shaƙa, duk a hannunsa suke. Baba ya yi shekara ashirin da shida a wannan kujera, daga nan sunan ya samo asali. Fasinja ba su san da shi ba. In an sauka lafiya, kyaftin ake yi wa tafi.

'Yarsa ce ta haɗa mu. Tare muke koyarwa, wata rana ta leƙo allona ta ce, "A'a, ai wannan ofishin babana ne!"

Muka je gidansa cike da alfahari, saura mako biyu mu saki jirgin. Baba ya zauna, ya ƙare wa zanen kallo, ya yaba. Muka ɗaga jirgi sama. Sai ya sa yatsa ya kashe famfunan mai na fiffiken hagu, ya bar na dama shi kaɗai yana shayar da injina, ya miƙe ya ce mu zo mu gaisa da Mama. Muka yi hira har kusan awa guda. Da muka dawo, jirgi yana tafiya sumul, ko gezau.

"Malam," in ji shi, "wannan jirgi naku ba ya fushi ne?"

Na ce ban gane ba.

"Na shanye man gefe ɗaya, ɗayan yana cike. Da na gaske ne, da tuni ya karkace kamar jakin da aka jibga wa kaya ɓangare guda. Jirgin da ba ya fushi in an wulaƙanta shi ai hoto ne."

Mai Zane ta ce, "Baba, wasa ne fa. Mutane nishaɗi suke nema."

Ya yi dariya. "To 'yata, ku cire kujerata. In kuwa kun bar ta, ku ba mai zama a kai aikin yi."

Muka kama hanyar komawa. Mun san gaskiya ya faɗa, mun kuma san abin da za ta ja mana. Mako biyu ya zama shekara ɗaya da rabi. Masu jiran jirgin a intanet suka yi ta yi mana ba'a, wani ya rubuta cewa jikokinsa ne za su tuƙa shi. Sau biyu Mai Zane tana cewa ta haƙura, sau biyu Baba yana kiranta a waya, ba don ya lallashe ta ba, sai don ya tambaye ta wani abu game da zanen, har ta manta cewa ta yi murabus.

Koyarwarsa kuwa ba ta allo da alli ba ce. Da na kasa gane yadda mai yake bi daga tankuna zuwa injina, sai ya jera bokitai uku a tsakar gida, ya haɗa su da tiyo, ya sa ni na toshe wannan na buɗe wancan har wandona ya jiƙe sharkaf. Mama ta fito ta riƙe ƙugu.

"Malam, ka tambayi babanka, in bokitaina sun zama jirgi, ni da me zan yi wanki?"

"Yanzu za mu sauka," in ji Baba, ko ɗago kai bai yi ba.

Haka ya koya mana haɗa janaretocin jirgin guda uku: ba a haɗa su da gaggawa, sai ka zuba wa wasu 'yan fitilu ido suna ƙyaftawa, ka jira su lafa, sannan ka danna. Ya sa muka gyara allurar wani agogo sau tara, wai tamu tana tashi da rawar jiki, ta gaske kuwa sai ta yi ɗan nazari tukuna.

Amma akwai abin da babu shi a littafi, wato sauti. Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa ya gaya masa cewa jirgi na ƙarshe irin wannan da ya rage a kusa, wanda aka yasar a bayan rumfar gyaran jirage, an sayar wa masu tsohon ƙarfe, nan da kwana tara za a yanka shi. Baba ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin manajan wurin. Aka ce ba ya nan. Ya dawo washegari, aka ce yana taro. Rana ta uku ya zauna a kan benci tun safe, har manajan ya fito ya gan shi ya ji kunya.

"Baba, me za ku yi da mataccen jirgi?"

"Muryarsa nake so, ranka ya daɗe. Ƙarfen ku riƙe."

Aka ba mu wuni ɗaya. Tsofaffin makanikai huɗu suka zo da kansu, suka jawo wuta daga ƙasa suka sa wa jirgin. Baba, da gwiwoyinsa masu ciwo, ya hau matakala yana hutawa bayan kowane taku uku. Da ya zauna a kujerarsa sai ya ɗora tafin hannu a kan bangon makunnan. Muka ba shi lokaci. Can ya ce, "To, ku kawo na'urarku." Ya danna makunnai ɗaya bayan ɗaya, sama da ɗari biyu, muna naɗar ƙarar kowanne. Da famfon mai ya yi gurnani a cikin fiffike bayan shekaru yana barci, tsofaffin nan suka sa ihu daga ƙasa kamar an ci ƙwallo. Kwana shida bayan haka aka yanka jirgin.

Da muka saki namu, mutum na farko da Baba ya gayyato shi ne tsohon kyaftin ɗinsa, wanda yanzu da sanda yake tafiya. Ya shigo yana cewa shi bai yarda da jirgin talabijin ba. Aka zaunar da shi, Baba ya ja kujera ya zauna a bayansa. Injin farko ya tashi, na biyu da na uku suka biyo baya. Sai muka ga kafaɗun kyaftin sun miƙe, muryarsa ta canza.

"Injiniya, mai?"

"Daidai, Kyaftin."

"Wuta?"

"Duk uku sun haɗu."

Suka tashi, suka zagaya, suka sauka da ɗan dungure. Kyaftin ya juyo yana share ido ya ce laifin kwamfuta ne. Baba ya ce, "Haba Kyaftin, shekara ashirin haka kake sauka!" Mama tana bakin ƙofa, dariya har da riƙe ciki.

Tun daga lokacin dubban mutane suka sauke jirgin nan daga intanet, kuma duk wanda ya rikice Baba yake rubuto wa. Wata matashiya ta gaya masa cewa amsoshinsa ne suka sa ta shiga makarantar gyaran jirage. Ya sa 'yarsa ta karanta masa saƙon sau uku.

Watan jiya likita ya ce idanunsa sun gaji, ya rage kallon allo. Ƙarshen wannan wata zai rufe ɗakin.

Baba, kai ne ka ƙi yarda mu yi aikin ganin ido. Kai ne ka zauna a kan benci kwana uku saboda ƙarar makunni. Na-Uku mai kunnen jirgi, ka yi rayuwarka a bayan wasu, kana riƙe da ransu ba su sani ba, da ka yi ritaya kuma ka ɗauki abin da ke kanka ka raba wa mutanen da ba za ka taɓa gani ba. Ba ka taɓa ce mana mun cika tambaya ba. Mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sanyaya idanun nan, ya saka wa Mama da ta jure mu.

Ku kuma masu karatu, ku duba unguwarku. Akwai wani dattijo ko wata dattijuwa da kuke wucewa kullum kuna gaisarwa a tsaitsaye, alhali aikin shekara talatin yana cikin kansu, ba a rubuce ko'ina ba. Ku shiga, ku zauna, ku yi tambaya. Ku kuma dattawa, in yara sun zo da shirmensu, kada ku kore su. Ku gyara musu zama, ku nuna musu inda suka kuskure. Namu ya yi haka, ga shi jirgin da aka yanka yana tashi kullum, sau dubu a rana.