Zanin Inna

Shekarar da zawo ya kwantar da Inna a ƙauyenmu kusa da Warra, akwai ciwon sukar ƙayar kifin kurungu a ƙaurinta. Ba ta iya kaiwa bayan gida, ƙazantar tana bi ta kan ciwon. Ƙafar ta kumbura tana sheƙi, zafi kamar garwashi.

Gwaggo, yayar Baba, ta sa aka mayar da ita rumfar awaki.

"Kada wanda ya taɓa zanin nan nata, ya kwaso mana cuta," in ji ta.

Da muka kai ta Yauri, likita ya ce da ana wanke ciwon, da bai ci ƙafar haka ba. Mun makara.

Ranar sadakar uku, Gwaggo ta fito karɓar gaisuwa ɗaure da zanin, wankakke tas.